Waiwaye: Ruwan Damagaram da tambayar wa ke da iko da shi

Manyan duwatsun da suka zama alamar unguwar Birni su ne tushen matsalar ruwa a Zinder, domin garin yana zaune ne a kan falalen dutse wanda ba ya riƙe ruwa sai ɗan abin da ya maƙale a tsage-tsagensa, ga kuma damina gajera wadda ruwanta bai cika wuce milimita 400 a shekara ba. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake ambata na ɗauke babban birnin mulkin mallaka daga Zinder zuwa Yamai a 1926. Tun daga wancan zamani garin ke neman abin sha a wajen ganuwarsa: da fari a Gogo da Machaya ta kudu, daga baya a Arunguza, sannan a Ganaram can arewa, kowane sabon wuri ya fi na baya nisa.

Kafin a rubuta wata doka, ƙa'idar ƙasa a bayyane take. Wanda ya gina rijiya shi ne mai ita, shi ke fara shayar da dabbobinsa, amma ba ya hana mai ƙishirwa, kuma fiƙihun Malikiyya ya ƙarfafa wannan. A Damargu da arewacin Gure, baƙon makiyayi yakan nemi izini tukuna, a gaya masa lokacin da zai zura wasaki da kwanakin da zai yi, saboda haka mai rijiya yana kula da ciyawar da ke kewaye da ita ba tare da ya kafa shinge ba. Wannan shi ne abin da hukuma ba ta lura da shi ba lokacin da ta shiga gina rijiyoyin siminti bayan samun 'yancin kai, musamman ta hannun OFEDES, hukumar gina rijiyoyi ta gwamnati da aka kafa a 1963. Rijiyar gwamnati ta kowa ce, babu mai cewa garke ya isa haka, sai dabbobi suka yi ta taruwa wuri ɗaya har ƙasa ta zama fako, kuma farin 1973 da na 1984 suka tona asirin tsarin.

An yi ƙoƙarin gyara a 1993, lokacin da aka fitar da dokar ruwa da kundin dokokin karkara a rana ɗaya, 2 ga Maris. Kundin ya amince cewa makiyaya suna da fifikon amfani da yankin da suka saba zama, ba tare da sun hana wasu ba, ya kuma samar da hukumomin kula da filaye da ake kira Cofo. A 2001 aka raba aikin ruwan birane gida biyu, kamfanin gwamnati SPEN ya riƙe kadarori, kamfani mai zaman kansa SEEN ya riƙe rarrabawa da karɓar kuɗi, har zuwa farkon 2024 da kamfanin gwamnati NDE ya karɓi wannan aikin. Babbar doka dai ita ce ta 1 ga Afrilu 2010, wadda ta ɗauki ruwan ƙarƙashin ƙasa a matsayin dukiyar al'umma, ta wajabta sanar da hukuma ko neman izini gwargwadon yawan abin da za a ɗiba, ta kuma ce mai ɗibar ruwa da mai gurɓata shi su biya.

A takarda an warware batun mallaka, amma rabo yana nan yadda yake. Birnin da mutanensa suka haura 300,000 a ƙidayar 2012 yana sha ne daga ƙarƙashin gonakin ƙauyuka, kuma ruwan da injin ya zuƙa aka tura cikin bututu shi ne wanda mai lambu zai samu a rijiyarsa da rani. Matatar man SORAZ da aka buɗe a 2011 ta ƙaru a cikin masu buƙata ta arewa. A kudu, fadamun Korama sun cika da ƙananan injinan ban ruwa da famfunan hasken rana, waɗanda ba su cin mai, don haka babu abin da ke tilasta wa mai su ya kashe su. Ba laifin manomi ba ne, don albasa da rake ba su jiran takardar izini, sai dai dokar da ba a auna abin da ake ɗiba a ƙarƙashinta ba za ta iya cewa wane ya wuce iyaka ba.

A cikin gari kuwa, nauyin yana sauka ne a kan wanda ba shi da famfo a gida. Idan zafi ya tsananta a watan Afrilu, jarkoki masu lita 25 kan yi dogon layi a bakin famfon unguwa tun kafin asuba, kuma mai saye daga hannun 'yan ga-ruwa yana biyan ninkin abin da mai mita ke biya. Shirin ƙasa na sarrafa albarkatun ruwa, PANGIRE, da aka amince da shi a 2017 ya tanadi zaman masu amfani da ruwa na kowane kwari domin su tsara rabo tare, kuma a nan ne ya kamata a ji muryar ƙauyukan da ake jan ruwan Zinder daga ƙasarsu.