Ƴan uwa direbobi, a duba ƙwan sigina kafin a saya

Assalamu alaikum ƴan uwa mazauna Jidda da Makka, musamman masu tuƙin gidaje da masu ɗaukar fasinja. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen gaggawa, kuma wallahi abin da na gani satin da ya wuce ne ya hana ni yin shiru. An kawo mana wani yaro mai kai saƙon abinci a babur, ƙafa ta karye wuri biyu, hular kwanonsa ma ta tsage, direban da ya buge shi ɗan uwanmu ne Bahaushe, yana tsaye bakin ƙofa yana ta rantsuwa shi fa ya sa sigina kafin ya karya kwana. Kuma da gaske ya sa ɗin. Ashe farin ƙwai aka sa mishi cikin farin gilashi, ga ranar Jidda da azahar, wa zai gani?

To dan Allah in ƙwan siginarka ya mutu, kada ka shiga shago a Sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, ka ce a ba ka ƙwai kawai. Ciro tsohon ka tafi da shi a hannu, akwai rubutu a gindinsa. In ka ga P21W fari ne, na motar da gilashin siginarta mai ruwan lemo ne. In ka ga PY21W shi kansa ƙwan ne mai ruwan lemo, shi ake sawa a farin gilashi, kuma ƙananan kunnuwan nan biyu na gindinsa ba su daidaita da na farin ba, da gangan aka yi haka don kar a musanya, amma sai ka ga mutum ya danna da ƙarfin tsiya har ya lalata mazaunin. Wasu motocin kuma mai gindin gilashi suke ɗauka, W21W ko WY21W, wanda ake turawa ba murɗawa. Ƙaramar mota 12V ce, manyan motoci 24V, a duba wannan ma.

Sai maganar ƙwan LED da samari ke yayi yanzu. Ba na cewa kar a sa, amma ba ya jan wuta kamar tsohon ƙwai mai wat 21, sai motar ta ɗauka ƙwai ya mutu ta kama ƙyaftawa da sauri-sauri. Dole mai wayarin ya sa maka rizisto, ɗan abin da ke ƙara jan wutar, ko ya canza filasha, na'urar da ke sa sigina ƙyaftawa, riziston kuma zafi yake sosai, a ɗaure shi jikin ƙarfe nesa da roba da waya. Dama ko ba LED, duk sanda ka ji ƙarar sigina ta ƙara sauri to ƙwai ɗaya ya tafi a wannan ɓangaren, gaba ko baya.

Kar a jira sai lokacin fahas, wato binciken lafiyar mota na hukuma, ya zo. Yau ɗin nan bayan magariba kunna hazad, wato siginar ɓangare biyu a tare, ka zagaya motar, ka duba gaba da baya da na gefe, wanda launinsa ya koɗe ya koma fari-fari shi ma a canza shi. In kuma Allah ya kiyaye hatsari ya faru, kira Hilal Ahmar, masu motar agajin gaggawa, a 997, kada a ja wanda ya faɗi ko a cire mishi hular kwano sai sun iso.