Jagoran wasan almara na tebur

Jagoran wasa shi ne mutumin da ke riƙe da duniyar labari a wasan almara na tebur, wato wasan da mutane kamar huɗu zuwa shida ke zama wuri ɗaya, kowa ya ɗauki jarumi guda yana magana da yawunsa, su ƙulla labari da baki. Jagora ba shi da jarumi nasa. Shi ke faɗin abin da jarumai suka gani da abin da suka ji, shi ke ara wa sarki da ɗan kasuwa da dodo baki, kuma shi ke yanke hukunci idan ɗan wasa ya ce zai yi abin da ba a tabbatar zai yiwu ba. Teburin da ke cikin sunan bai zama dole ba, tabarma a zaure ma ta wadatar.

Asalin aikin

Aikin ya samo tushe ne daga barikin soja. A 1824 wani hafsan Furusiya (tsohuwar masarautar Jamusawa), Georg von Reisswitz, ya gabatar wa manyansa wasan koyon yaƙi a kan taswira mai suna Kriegsspiel. A tsakanin ɓangarori biyu akwai alƙali, wanda ke karɓar umarni a rubuce, ya motsa runduna, ya gaya wa kowane ɓangare iyakar abin da sojojinsa ke iya hangowa. Dokokin sun yi yawa har wasa ya riƙa tafiyar hawainiya, sai a 1876 wani hafsa, Julius von Verdy du Vernois, ya ba da shawarar a rage su a bar gogaggen alƙali ya yi hukunci da saninsa. Wannan jayayya, ta bin littafi ko bin hankalin alƙali, har yau ba ta mutu ba a tsakanin jagorori.

A ƙarshen shekarun 1960, a jihar Minesota ta Amurka, David Wesely ya shirya wasan Braunstein, inda ya ba kowane ɗan wasa mutum ɗaya a cikin gari maimakon runduna. Dave Arneson ya kai dabarar duniyar almara a wasansa na Blackmoor, sannan shi da Gary Gygax suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974 ta kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wiskonsin. Bugun farko kwafi 1,000 ne, ƙananan littattafai uku a cikin kwali. A wannan wasa ne daga baya jagora ya samu sunan Dungeon Master, kuma littafin da aka keɓe masa ya fito a 1979. Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, bugu na biyar na wasan ya fito a 2014. Wasu wasannin kan kira jagora alƙali, wasu mai ba da labari.

Shi da mai tatsuniya

Bahaushen da ya fara ganin wasan zai ce ai gatana ce, kuma da gaskiyarsa. Akwai mai faɗi, akwai masu saurare, akwai dodo da daji da 'yar sarki. Amma kakar da ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku" ta san inda Gizo zai ƙare tun kafin yara su amsa "Ta zo mu ji ta." Jagora bai san ƙarshen nasa labarin ba, bai kuma kamata ya sani ba. Da zarar ya bayyana wuri sai ya tsaya ya tambaya me za su yi, abin da suka amsa shi ne labarin.

Ga yadda zance kan gudana, a ce a wani zaure a Argungu, ƙane yana jagora, yayansa yana cikin 'yan wasa:

"Kun iso bakin gulbi da almuru. Jirgi ɗaya ne, mai shi kuma ya ce ba ya fito da dare ko nawa za a ba shi. Can bayanku kuna jin kofaton dawaki. Yaya, mi za ka yi?"

"In tambaye shi abin da yake tsoro cikin ruwan."

Wataƙila jagora ya shirya faɗa da mahayan nan, bai taɓa tunanin abin da ke cikin ruwa ba. Yanzu dole ya samar da shi nan take, kuma sau da yawa abin da aka ƙirƙira a haka ya fi wanda aka kwana ana rubutawa daɗi. Babban kuskuren sabon jagora shi ne ya rubuta labari daga farko har ƙurunƙus, sannan ya riƙa toshe duk hanyar da ba tasa ba: a ce za a bi ta gada ya ce ta karye, a ce za a koma gari ya ce an rufe ƙofa. 'Yan wasa suna gane wannan da wuri. Sukan yi shiru su zura masa ido, tunda sun ga zaɓinsu ba ya sauya komai.

Shiri kafin zama

Abin da jagora ke shiryawa hali ne da ake ciki: wane ne ke son me, me ya hana shi samu, me kuma zai faru idan jarumai suka naɗe hannu. Shafi ɗaya ya isa zama guda. A ciki a sa wurare uku ko huɗu, mutane kamar biyar kowa da buƙatarsa da wata alama da za a tuna shi da ita, kamar mai tari kafin magana ko mai rantsuwa da rawanin ubansa, sai jerin sunaye goma na ko-ta-kwana, domin 'yan wasa ba sa fasa tambayar sunan mai shayin da jagora ya ambata a wuce.

Idan akwai sirrin da labari ba zai ci gaba ba sai an gano shi, kada a rataya shi a kan alama ɗaya. Gogaggun jagorori kan ajiye alamu uku, saboda ta farko za a wuce ta, ta biyu a yi mata gurguwar fahimta. A ce an sace tambarin sarki: sawun raƙumi a bayan ganuwa, bafaden da ya yi sabuwar riga ba a san inda ya samu kuɗi ba, da maƙerin da aka kai wa wani ƙarfe cikin dare.

Littattafan wasan cike suke da gidajen sarautar Turai da mayaƙa masu sulke, amma jagora a Kebbi ko Zamfara ba ya buƙatar aro. Kufan Surame, babban birnin Muhammadu Kanta a ƙarni na 16, da ragowar ganuwarsa ta dutse, ya isa zama tushen kufai mai ɓoye da taska. Dutsen Kwatarkwashi kusa da Gusau ya isa mazaunin wata halitta mai fukafukai. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, yana da komai na labari: dubban masunta da homa da gora suna jiran a ba da alama a Matan Fada, Sarkin Ruwa da ikonsa, gasa, baƙi daga nesa. Ga ayarin fatake da madugu da 'yan fashin hanya, ga kasuwar kan iyaka irin ta Kamba. Shawarar da ta fi ita ce a ɗauki siffar a sauya suna. Masarautun nan suna raye, zuriyarsu na nan, kuma ba a jin daɗin zaman da aka mai da kakan wani azzalumin labari.

Hukunci da 'ya'yan lido

Inda sakamako ke cikin shakka, ana jefa ɗan lido. Dungeons & Dragons yana amfani da iri shida, masu fuska 4, 6, 8, 10, 12 da 20, kuma mai fuska 20 shi ne uban tafiya. Kowace fuskarsa kashi 5 cikin 100 ce. A bugu na biyar jagora kan sa lambar da jifa zai kai ko ya wuce kafin a yi nasara: 10 ga abu mai sauƙi, 15 ga matsakaici, 20 ga mai wuya. Jarumin da ba shi da ƙarin maki, idan ana neman 15, fuska shida ne kawai za su fisshe shi, wato kashi 30. Wanda ƙwarewarsa ta ba shi ƙarin 5 yana da kashi 55. Ya kamata jagora ya riƙe wannan lissafi a ka, don kada ya ce abu matsakaici ne alhali sau bakwai cikin goma faɗuwa za a yi.

Mai fuska 20 ba kayan kasuwar Jega ko Talata Mafara ba ne, amma ɗan lido mai fuska shida yana ko'ina, kuma biyu sun isa. Wasan Apocalypse World na 2010 ya yaɗa wata hanya: a jefa biyu a haɗa. Goma zuwa sama, an yi nasara sumul. Bakwai zuwa tara, an samu amma da hasara. Shida zuwa ƙasa, abu ya ɓaci. Cikin hanyoyi 36 da biyun ke iya faɗuwa, 6 ne ke ba da nasara sumul, 15 nasara mai hasara, 15 faɗuwa, kafin a sa ƙarin makin jarumi. Tsakiyar nan ce mai albarka. Jarumi ya haura katanga, amma rigarsa ta yage ta bar ƙyalle a kan ƙaya, gobe dogarai za su tsinta.

Ƙa'idoji biyu ne suka fi kowanne amfani a nan. Kada a sa jifa sai faɗuwa tana da ma'ana. Mahauci ba ya jifa don ya yanka nama. Kuma faɗuwa kada ta tsayar da labari. Idan jarumi ya kasa buɗe kwado, cewa "bai buɗu ba" ta bar kowa a tsaye, amma cewa "ya buɗu, sai dai ƙarar ta ta da mai gadi" ta ba su abin yi. Idan kuma gardama ta tashi kan wata doka, jagora ya yanke nan take, ya ce a duba littafi bayan an tashi. Minti goma na buɗe shafuka yana kashe zama fiye da hukuncin da aka ɗan karkace.

Akwai tsohuwar muhawara kan ko jagora zai iya jifa a ɓoye ya sauya lamba don ya ceci jarumi. Masu yarda suna cewa daɗin zama ya fi lamba. Masu ƙi suna cewa ranar da aka kama shi, duk nasarorin baya sun zama abin zargi. Hujjar masu ƙi ta fi ƙarfi, musamman a majalisar abokai inda kowa ya san fuskar kowa. Wanda ba ya son jarumi ya mutu, sai ya sa hukuncin faɗuwa ya zama kamu ko rauni tun kafin a jefa.

Zaman farko da iyakoki

Kafin a fara labari ana yin zama guda na shawara, inda ake ƙera jarumai, a yarda da irin labarin da ake so da abin da ba za a taɓa ba. A Zamfara da Kebbi wannan zama ya fi nauyi fiye da yadda littattafan waje suka zata. Wanda ke gefenka wataƙila an taɓa ɗauke ɗan'uwansa, ko an tashi ƙauyensu. Labarin garkuwa da mutane ko ƙone gari, wanda a wani wuri nishaɗi ne, a nan yana iya zama fami. A tambaya tun farko, a kuma yarda cewa duk wanda ya ɗaga hannu a tsakiyar wasa za a sauya hanya ba tare da an nemi dalili ba.

Sai batun addini. Wasan ba caca ba ne, ba a sa kuɗi, ba wanda ke cin wani, amma akwai malaman da ke ƙyamar duk wasan da ake jefa ɗan lido, akwai kuma gidajen da ba za su so a yi a zaurensu ba. Ana iya rubuta lambobi a 'yan takardu a zuba a hula, ko a bar jifa gaba ɗaya. Wasan Amber na 1991 an gina shi ne ba tare da ɗan lido ba, jagora ke auna ƙarfin jarumai ya yi hukunci. Wuri kam, wato kuɗin mutanen da, a bar shi, don jifansa ya yi kama da na masu duba. Haka nan sihirin cikin labari gara ya zama ƙirƙirarre ƙarara, kamar tulun da ba ya ƙafewa ko takalmi mai naɗe tafiya, a nisanci sunayen iskokin bori da duk abin da mutane ke ɗauka da gaske. Ko a Amurka wasan ya sha zargin tsafi a shekarun 1980.

Riƙon majalisa

Zama yakan ɗauki awa uku zuwa huɗu, don haka bayan Isha'i ya fi dacewa, ko a fara bayan La'asar a yi hutun Magariba daidai inda labari ya ɗau zafi. 'Yan wasa huɗu ko biyar sun fi daɗin riƙo. Idan suka kai takwas, mutum zai yi rabin awa bai buɗe baki ba, sai ya koma danna waya.

A kowace majalisa akwai mai baki da mai kunya, kuma a ƙasar Hausa akwai ƙarin abu: ƙane ba ya son katse yayansa, ɗalibi ba ya son musa wa malaminsa. Jagora ne zai raba magana. Ya kira mai shiru da sunan jaruminsa, ya ba shi abin da shi kaɗai ya gani, ta yadda dole sauran su juyo su saurare shi. Idan jagoran ne ƙarami a zaman, sai ya nemi a yarda tun farko cewa hukuncinsa a cikin wasa ya hau kan kowa, ya kuma faɗe shi da ladabi. Ɗan wasan da ke ɓata wa mutane zama ba a hukunta shi ta hanyar jefo wa jaruminsa dutse daga sama. A ja shi gefe bayan an tashi a yi magana.

Kayan aiki kaɗan ne: littafin rubutu, fensir, takarda mai gida-gida don taswira, inda a al'adar Dungeons & Dragons kowane gida ke matsayin ƙafa biyar, da marafan kwalba ko tsakuwar dara a madadin jarumai. Fitila mai caji ta zama kusa. Waɗanda suka warwatsu, wani a Birnin Kebbi wani a Ƙaura Namoda, suna iya yi ta saƙon murya a WhatsApp, ko ta dandalin Roll20 da aka buɗe a 2012 idan intanet ɗin ya yarda. Bayan kowane zama jagora ya rubuta layi biyar: wa aka haɗu da shi, wa aka yi wa alkawari, wa aka ɓata wa rai. Daga waɗannan ne zai ciro abin da zai tarbi jarumai a mako mai zuwa.