Haramta injinan gyaran farfajiya masu shan fetur

Haramta injinan gyaran farfajiya masu shan fetur mataki ne da wasu birane da jihohi, galibinsu a Amurka, suka ɗauka na hana sayarwa ko amfani da ƙananan injinan da ake share harabar gida da gyara ciyawa da su, domin jama'a su koma ga irinsu masu aiki da batir. Injinan da abin ya shafa sun haɗa da na yankan ciyawa, da na datse shinge, da zarton inji, da na hura ganye. Wannan na ƙarshen, wanda ma'aikaci ke goyawa a baya yana riƙe da doguwar tiyo mai feso iska, shi ne ya fi tayar da jijiyar wuya, kuma shi yawancin dokokin suka kama suna. Hujjoji biyu ake kafawa da su: ƙara da hayaƙi. Birnin Washington ya hana amfani da injin hura ganye mai fetur tun daga 1 ga Janairun 2022, jihar Kalifoniya kuma ta hana sayar da sababbin ƙananan injina masu fitar da hayaƙi daga samfurin shekarar 2024.

Asalin lamarin

A unguwannin Amurka, filin ciyawa a gaban gida abu ne na al'ada, har wasu unguwanni na cin tarar wanda ya bar tasa ta yi tsawo. Wani bincike da aka yi da hotunan tauraron ɗan Adam a 2005 ya ƙiyasta cewa irin wannan ciyawar ta mamaye kimanin eka miliyan 40 a ƙasar. Ga kuma lokacin kaka, da itatuwa ke zubar da ganye baki ɗaya a cikin 'yan makonni. Aiki ne da ba ya ƙarewa, kuma dubban ƙananan kamfanoni da masu zaman kansu da shi suke ci.

Injin hura ganye ya samo asali ne daga injin fesa maganin ƙwari na goyo, irin wanda kamfanonin Japan kamar Kioritz, mai tambarin Echo, suke ƙerawa. Mutane sun lura cewa idan aka cire tankin magani, iskar kaɗai ta isa ta kori shara. A shekarun 1970 ya shiga kasuwar Amurka, kuma farin da aka yi a Kalifoniya a 1976 da 1977 ya ƙara masa kasuwa, domin an matsa wa mutane su daina wanke daɓe da ruwan famfo. Tun bai gama yaɗuwa ba aka fara korafi: ƙaramin garin Carmel da ke gaɓar tekun Kalifoniya ya haramta shi a 1975, Beverly Hills ma ya bi sahu a cikin shekarun nan.

Me ya sa ƙaramin inji ke da hayaƙi haka

Yawancin injinan hannu da na goyo masu bugu biyu ne. A injin mota, fistin na hawa da sauka sau huɗu kafin zagaye ɗaya ya cika, kuma akwai bawul da ke rufe hanyar hayaƙi yayin da sabon mai ke shiga. Mai bugu biyu ba shi da wannan tsari. A lokaci guda sabon mai ke shiga, hayaƙi ke fita, don haka wani kaso na fetur ɗin, wanda a tsofaffin injina kan kai kusan kashi 30 cikin ɗari, yakan bi ta salansa ya fice ba tare da ya ƙone ba. Ba shi kuma da wurin zuba baƙin mai daban. A cikin fetur ake haɗa shi, yawanci mudu ɗaya na baƙin mai a mudu 50 na fetur, sai su ƙone tare. Duk wanda ya taɓa zama kusa da ɗan ƙaramin janaretan nan na shago da ake haɗa wa fetur da baƙin mai ya san shuɗin hayaƙin da warinsa, domin ƙira ɗaya ce. Dalilin da ya sa masu ƙera kaya ke son wannan inji a fili yake: ba shi da nauyi, ba shi da tsada, yana da ƙarfi idan aka duba girmansa, kuma yana aiki ko an karkata shi ko an kifa shi.

Abin da ke fita daga salansar ya haɗa da ɗanyen mai da bai ƙone ba, da iskar kabon monoksaid, da sinadarin benzin mai jawo cutar daji, da ƙananan ɓurɓushi da ke ratsawa har cikin huhu. Idan ɗanyen man ya haɗu da sinadaran naitirojin a ƙarƙashin zafin rana, sai su zama iskar ozon ta ƙasa, wadda ita ce ginshiƙin hazon hayaƙin da ya daɗe yana addabar Los Angeles da kwarin tsakiyar Kalifoniya. Hukumar kula da ingancin iska ta jihar, wadda aka fi sani da CARB, ta ce sa'a ɗaya ana aiki da injin hura ganye na 'yan kwangila na fitar da sinadaran hazo daidai da tafiyar mil 1,100 a motar Toyota Camry samfurin 2017, wato kusan kilomita 1,770, daga Los Angeles zuwa Denver. Sa'a ɗaya ta injin yankan ciyawa kuma ta yi daidai da mil 300. A ƙididdigar hukumar, ƙananan injinan jihar sun haura miliyan 15, sun fi ƙananan motocinta yawa.

Ana yawan juya wannan kwatancen ta inda bai dace ba. Maganar sinadaran hazo ake yi, ba iskar da ke ɗumama duniya ba. Ta wannan fuskar motar ce ta fi, domin ta fi shan mai nesa ba kusa ba. Abin da alƙaluman ke nunawa shi ne an shafe shekaru kusan hamsin ana tsaftace hayaƙin mota da matatar salansa da kwamfuta, an bar ƙaramin inji a baya. Kuma wanda ya fi shaƙar hayaƙin ba maƙwabcin da ya kai ƙara ba ne, ma'aikacin da injin ke manne da bayansa ne tun safe har yamma.

Ƙara

A kunnen mai aiki, ƙarar injin goyo kan kai desibel 95 zuwa sama da 100 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ba da shawarar iyakar desibel 85 na tsawon sa'a takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 na rage lokacin da rabi, wanda ke nufin a desibel 100 minti 15 ne kawai. Ƙarar injin fetur na da kauri, irin mai ratsa bango da tagar gilashi. Wani ɗan gwaji da Erica Walker da Jamie Banks suka wallafa a 2017 ya gano cewa tana wuce desibel 55 har a nisan ƙafa 800, kusan mita 240. Ta batir siririya ce, kuma tana saurin mutuwa da nisa. A 2020, da annobar korona ta tsare mutane a gida suna aiki ta intanet, waɗanda a da suke ofis lokacin da masu gyaran ciyawa ke zuwa suka fara jin abin da kunnensu, korafi ya ƙaru a majalisun birane.

Dokokin

Rigimar da ta fi fito da abin da ke ƙasa ita ce ta Los Angeles. Majalisar birnin ta hana amfani da injin hura ganye mai fetur a cikin ƙafa 500 daga gidan zama. Masu neman dokar galibi mazauna unguwannin masu hali ne, har da 'yan fim. Masu aikin kuwa yawancinsu baƙi ne daga Meziko da Amurka ta Tsakiya. A Janairun 1998 wasu daga cikinsu suka shiga yajin cin abinci a gaban ginin majalisar, suna cewa da tsintsiya da manjagara aikin zai ninka lokaci, mai gida kuma ba zai ƙara ko sisi ba. An sassauta hukuncin, dokar ta tsaya a takarda, amma aiwatar da ita ya yi rauni ƙwarai: kafin jami'i ya iso, mai injin ya gama ya ɗora kayansa a mota ya wuce. A wancan lokacin babu batir mai ƙarfin da zai maye gurbin fetur, shi ya sa ake kallon dokar a matsayin hana mutum neman abinci.

Majalisar Washington ta zartar da tata dokar a 2018, bayan fafutukar wata ƙungiyar mazauna birnin da ɗan jarida James Fallows ke ciki. An ba da shekaru uku a shirya, tarar kuma na iya kaiwa dala 500. Gundumar Montgomery da ke jihar Maryland ta hana sayarwa daga Yulin 2024, amfani kuma daga Yulin 2025. Portland ta jihar Oregon ta bi a hankali: daga 2026 an yarda da na fetur a watanni uku na ƙarshen shekara kaɗai, lokacin da jiƙaƙƙen ganye ke da nauyi, sai 2028 haramcin ya cika.

Ta Kalifoniya daban ce. Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a dokar AB 1346 a Oktoban 2021, CARB kuma ta fitar da ƙa'idojin a Disambar shekarar. Sun shafi injinan da ƙarfinsu bai wuce kilowat 19 ba, wato ƙarfin doki 25. Sayar da sabo aka hana. Wanda ke da tsoho zai ci gaba da amfani da kayansa har injin ya mutu, kuma an ɗaga wa janareta ƙafa zuwa 2028 saboda ɗaukewar wuta a lokacin gobarar daji. Akwai dalilin da ya sa sauran jihohi ba su kwaikwayi wannan ba. Dokar tsaftar iska ta tarayya Kalifoniya kaɗai ta ba damar kafa nata mizanin hayaƙi, bisa amincewar hukumar muhalli ta ƙasa, kuma wani gyara da majalisar tarayya ta yi a 2004 ya hana sauran jihohi ɗaukar mizanin nata a kan ƙananan injina. Shi ya sa birane ke bi ta ƙofar dokar hayaniya da ta amfani. Colorado kuwa, wadda ozon ke damun yankin Denver, ta taƙaita amfani da su a hukumomin gwamnati a watannin zafi, ta kuma sa ragin kashi 30 cikin ɗari a farashin na lantarki.

Batir da tsadarsa

Ga mai gida da ɗan fili, muhawara ta kusa ƙarewa. Injin batir na lithiyam ba ya buƙatar jan igiya, ba canjin fulogi, ba wanke kafireto, ba ajiyar jarkar mai a gareji, kuma caji ɗaya ya ishe shi aikin mako. Batir ɗaya kan shiga injina da yawa na kamfani guda.

Ɗan kwangila ne ke cikin tsaka mai wuya. Idan aka buɗe wa injin hura ganye wuta gaba ɗaya, batir kan ƙare cikin minti 20 zuwa sa'a ɗaya, alhali ma'aikaci na zagaya gidaje goma ko fiye a yini. Dole ya sayi batura da yawa, ya gyara wayoyin shagonsa don cajin dare, ko ya sa wurin caji a tirela. Batir ɗin goyo shi kaɗai kan fi injin fetur sukutum tsada, bayan 'yan shekaru kuma ƙarfinsa ya ragu. Kuɗin wuta bai kai na mai ba, gyara ma kaɗan ne, don haka a kan lokaci jarin na iya dawowa; matsalar ita ce kuɗin farko, kuma mai mota ɗaya da ma'aikata biyu ba shi da su a hannu. Kalifoniya ta ware dala miliyan 30 na tallafi ga ƙananan masu sana'ar, ƙungiyoyin masu gyaran farfajiya suka ce ko kusa ba su isa ba, kuma idan aka raba kuɗin da yawan masu sana'ar a jihar da wuya a ce ba su da gaskiya. Akwai kuma haɗarin gobara idan batir ya lalace ko aka yi masa caji da cajar da ba tasa ba, da batun inda za a kai matattun batura.

Na batir ma ba ya magance komai. Iskar da ke fita daga bakin tiyo na iya kai gudun mil 200 a sa'a ko da wane irin inji ne, tana tayar da ƙura da kashin dabbobi da ragowar maganin feshi. A 2019 ma'aikatar muhalli ta Jamus ta shawarci jama'a su guji injin hura ganye sai in ya zama dole, saboda yana hallaka ƙwarin da ke fakewa a cikin ganye.

Masu ja da baya, da halin kasuwa

A 2023 jihohin Georgia da Texas suka bi akasin hanyar haramci, suka kafa dokokin da suka hana ƙananan hukumomi haramta inji saboda irin man da yake sha. Ta Texas ta zo ne a daidai lokacin da birnin Dallas ke nazarin tasa dokar. A Turai, an hana injin hura ganye a birnin Graz na Ostiriya tun 2014 saboda ƙura, masu zaɓe a Zurich ta Suwizalan kuma suka amince a Satumban 2025 da haramta na fetur, tare da taƙaita na lantarki ga watannin Oktoba zuwa Disamba.

Kamfanoni ba su jira a gama shari'a ba. Makita ta daina ƙera kayan fetur a 2022, Honda ta rufe ƙera injin yankan ciyawa mai fetur a Amurka a 2023. Stihl na Jamus, wanda sunansa ya ginu a kan zarton inji mai bugu biyu, ya ce yana son kashi 80 cikin ɗari na abin da zai sayar a 2035 ya zama na batir, babban kantin Home Depot kuma ya sa wa kansa kashi 85 na injinan gyaran farfajiya da yake sayarwa a Amurka da Kanada zuwa 2028.