Lainar bututun hayaƙin boilar kananzir: ga amsoshin, a daina sake tambaya

'Yan uwa mazauna Birtaniya, musamman na ƙauyuka da na Ireland ta Arewa inda yawancin gidaje da kananzir ake ɗumama su, duk shekara sanyi na shigowa sai tambayoyi iri ɗaya su fara zuwa min kan boila, wato na'urar ɗumama gida, da lainar bututun hayaƙinta. Toh ga su nan gaba ɗaya, dan Allah a karanta kafin a kira ni.

An ce min lainar ta fashe, zan iya ci gaba da kunna boilar zuwa ƙarshen wata?

A'a. Kashe ta yau. Iskar kabon monoksaid, mai guba da ke cikin hayaƙin, ba ta da wari ba ta da launi, ta tsagar nan take bi ta shiga ɗakin da yaranka ke barci. Ciwon kai da jiri da ke sauki in kun fita waje alama ce. Sayi hita mai lantarki ku lallaɓa.

Wai mecece lainar ma?

Bututun ƙarfe ne mara tsatsa da ake zurawa cikin ginin bututun hayaƙi tun daga rufi har bakin boila. Shikenan.

Me ke lalata ta?

Tsoffin gidaje an gina bututunsu ne don wutar kwal, suna da faɗi, hayaƙin boila kuma bai kai zafin wancan ba, sai ya huce a hanya ya koma ruwa. Ruwan nan yana da asid saboda farar wutar da ke cikin mai, shi ke cin ƙarfe da siminti. In ka ga laima mai ruwan ƙasa-ƙasa a bangon da bututun ya bi, fenti na kumbura, ko ɓurɓushin tsatsa da kunkunniya a gindin boila, to aikin ya yi nisa.

Ni da abokina za mu iya sakawa?

Haba Malam. Rufin bene za ka hau cikin iskar Disamba? Nemo ma'aikaci mai rajistar OFTEC, ƙungiyar da ke yi wa masu aikin boilar mai rajista, shi zai yi aikin bisa ƙa'idar gini, wato Part J a Ingila, ya ba ka takarda. Ranar sayar da gida za a nemi takardar nan.

Boilata ta tsufa, laina kawai zan canza ko duka biyun?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna. Amsar ta danganta, kuma duk wanda ya yanke maka hukunci ta waya bai ga boilar ba, kar ka saurare shi. Tun watan Afrilu 2007 dokar Ingila da Wales ta ce sabuwar boilar mai sai dai irin wadda ke tatse zafin hayaƙinta kafin ya fita, sai 'yan gidaje da aka yi wa uzuri. Irin wannan boilar hayaƙinta ba shi da zafi, jiƙaƙƙe ne, yawanci da nata bututun take zuwa kuma sau da yawa ta bango ake fitar da shi ba ta rufi ba, ma'ana in ka kashe kuɗi bana ka saka laina sabuwa sannan baɗi boilar ta mutu, akwai yiwuwar lainar nan ta zama asara gaba ɗaya har da kuɗin sikafol ɗin da aka kafa don hawa rufin, wanda wani lokaci shi ne ma mai tsadar. Amma fa in boilar na da lafiya, ana yi mata sabis duk shekara, kayan gyaranta na samuwa, ma'aikacin ya auna hayaƙinta ya ce ƙonewar man daidai take, to ba dole ka ci bashi ba, saka laina ka huta. Ni dai in ta haura shekara 15 kuma ta fara yawan tsayawa, na fi karkata ga canza duka, sai dai in inda take a tsakiyar gida ne, babu bangon waje kusa kuma babu inda ruwan da sabuwar ke zubarwa zai bi, nan lissafi ya canza. Ka sa a rubuta maka farashin hanyoyin biyu, daga mutum biyu daban.

Gidan haya nake, wa zai biya?

Mai gida. Kwantar da hankalinki Hajiya, gyaran kayan ɗumama gida yana wuyansa a doka. Rubuta masa saƙo, ki ajiye kwafi. A Ingila tun Oktoba 2022 wajibi ne ya saka ƙararrawar kabon monoksaid a ɗakin da boila take.

Me zan sa wa ido ranar aiki?

A share bututun tukuna. A ciro tsohuwar gaba ɗaya, kar a yi mata faci. Faɗin sabuwar ya zama wanda kamfanin boilar ya rubuta, ba wanda ya rage a motar ma'aikaci ba, ƙarfen kuma na mai ne, galibi lamba 316. In bututun a bangon waje yake a tambaya ko za a naɗe ta da abin riƙe zafi. In ka ga tsohon bututu mai kama da siminti ruwan toka kar ka taɓa shi, zai iya zama asbestos, wani kayan gini da shaƙar ƙurarsa ke da haɗari, sai a 1999 aka hana shi gaba ɗaya. Kuma kar ya tafi sai ya kunna boilar ya gwada hayaƙin a gabanka.