Faiba da Wi-Fi Ba Abu Ɗaya Ba Ne

Mutane da yawa na ɗauka cewa da zarar an ja musu faiba zuwa gida, intanet zai riƙa gudu a kowane lungu. In bidiyo ya tsaya yana juyi a uwar ɗaka, sai su ce faibar ce ba ta da kyau. Abin yana damuna, domin galibi ba laifinta ba ne.

Faiba zaren gilashi ne siriri kamar gashin kai, kuma haske ne ke ɗaukar saƙo a cikinsa, yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Ba ruwansa da katsalandan ɗin wayoyin lantarki, ba ya saurin raunana da nisa kamar wayar tagulla. Shi ya sa murya ba ta yawan yankewa a kiran bidiyo.

Amma zaren a jikin akwatin da aka kafa maka ya ƙare. Daga nan zuwa wayar hannunka, igiyar rediyo ce, wato Wi-Fi, ita kuwa bango yana cin ƙarfinta. A zangunan igiyar da Wi-Fi ke aiki da su, zangon 5 GHz ya fi sauri, sai dai bai kai 2.4 GHz iya ratsa gini ba. Ka tura rauta, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi ɗin, bayan talabijin, ko cikin kabad don kada ta ɓata kwalliyar falo, ka shaƙe ta da hannunka.

Gwada ka gani: haɗa kwamfuta da rautar ta kebul, ka auna saurin. In ya cika, ba laifin faiba ba ne, fito da rautar fili, tsakiyar gida, a ɗan sama.