Ba jikinka ne ya saba da nivakin ba

A Damagaram, daga Birni har Zango, dattawa kan ce nivakin, maganin zazzaɓin cizon sauro, ya daina aiki don jikinmu ya saba da shi. Ba haka ba ne, Baba. Ƙwayoyin cutar da sauro ke sa mana su ne suka canza. Cikin miliyoyinsu, 'yan kaɗan kan zo da wani bambancin halitta da ke hana magani kashe su. Nivakin ya kashe sauran, su kuwa suka tsira, suka hayayyafa, sauro ya raba su gida-gida. Kamar manomi ne da fari ya cinye geronsa sai wasu zangarniyoyi: irinsu zai shuka baɗi. Wannan tacewar ce masanin halittu Charles Darwin ya bayyana a 1859. Shi ya sa nake damuwa in na ga an bar shan magani tsaka-tsaki don an ji sauƙi.