Baƙin cikon haƙori: a cire ko a bari?

Da gaske akwai zaiba a cikinsa?

Akwai. Kusan rabin nauyinsa zaiba ce, wato narkakken ƙarfen nan mai guba, sauran garin azurfa da kuza da jan ƙarfe. Shi ake kira amalgam.

Yana lalacewa a baki?

Sannu a hankali. Yawu na cin kuzar da ke ciki, gefen cikon ya yi ta gutsurewa. Tauna da cingam da shayi mai zafi da cizon haƙora cikin barci suna tayar da tururin zaiba kaɗan kaɗan. Huhu na tsotse kusan kashi 80 cikin 100 na wanda aka shaƙa, mafi yawansa ya taru a ƙoda, wani ya kai ƙwaƙwalwa. Ga babba mai lafiya, adadin bai kai na cutarwa ba.

Na ga tabo mai ruwan toka a dasashina.

Yawanci ɓarɓashin cikon ne ya shige nama, ba ya ciwo, ba ya yaɗuwa. A nuna wa likita ya tabbatar. Wanda ke damuna shi ne farin zane ko ja mai raɗaɗi a cikin kunci, daidai inda yake gogar cikon. Wannan jiki ne ya ƙi ƙarfen.

To in je a cire?

Ya danganta. Idan cikon na zaune daram, ba tsagewa, ba ciwo, hoto bai nuna ruɓa a ƙarƙashinsa ba, a bar shi. Lokacin da injin ke niƙa shi ne zaiba ta fi tashi, kuma duk cirewa sai an haɗa da wani lafiyayyen ɓangare na haƙorin. Amma idan ya tsage, ko abinci na maƙalewa a gefensa, ko ga wancan zanen na kunci, to a canza. Mai ciwon ƙoda ya faɗa wa likita tun farko. Mai juna biyu ta jira ta haihu, sai in ciwo ya matsa, don zaiba na ƙetarawa zuwa ga ɗan tayi. In za a cire, a sa shimfiɗar roba ta keɓe haƙorin, ruwa na zuba yana sanyaya wurin, na'urar tsotsa mai ƙarfi na aiki, a yanka cikon gunduwa-gunduwa. Don Allah ku daina kai bakinku wurin masu cire haƙori a bakin kasuwa! Ga asibitin koyarwa a Shika kusa da Zariya, daga Samaru ba nisa.

Yara fa?

Kar a sa musu. Gyaran da aka yi wa yarjejeniyar Minamata, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don rage amfani da zaiba, a 2022 ya ce a guje shi ga 'yan ƙasa da shekara 15 da masu ciki da masu shayarwa. Akwai farin ciko.

Madara ko jiƙo na fitar da zaibar?

A'a. Kar ku ɓata kuɗinku.